Tambaya da Amsa: Me Sinawa Ke Kiran Wucewa ta Kwastam?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kuma ina shirin tafiyata ta farko zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin domin sayo kaya. Na ɗan fara koyon Sinanci a waya, na iya gaisuwa da ƙirga, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin jirgin sama. Me ake kiran wucewa ta wurin jami'an kwastam da Sinanci, kuma waɗanne kalmomi ya kamata in riƙe domin kada in tsaya ina kame-kame a gaban jami'i? Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Abin da kake nema shi ne 过海关, wanda a rubutun boko na Sinanci, wato pinyin, ake rubutawa guò hǎiguān. Idan aka kwatanta shi da sautukan Hausa, zai fito kusa da "gwo hai-gwan". Kalmar guò tana nufin wucewa ko ƙetarewa, hǎiguān kuwa ita ce kwastam. Idan ka fito kana son sanar da mai jiranka a waje, sai ka ce wǒ guò hǎiguān le, wato na riga na wuce kwastam, domin ƙaramar kalmar le da ke ƙarshe ita ke nuna cewa abin ya auku.

Akwai wani sauƙi da Bahaushe yake da shi a nan wanda masu koyon Sinanci da yawa ba su da shi, kuma ina so ka yi amfani da shi. Sinancin da jami'ai ke magana da shi, wanda ake kira putonghua, yana da karin sauti huɗu, mu kuma muna da uku: na sama, na ƙasa da faɗau. Kunnenka ya riga ya san bambancin "kai" da kake kiran mutum da shi da "kai" na jiki, inda na farko yake tsaye a sama, na biyu kuma yake faɗowa. To, gaɓoɓi ukun nan na guò hǎiguān sun faɗa daidai cikin abin da ka saba. Gaɓar guò faɗau ce, ta taso daga sama ta sauko da ƙarfi. Gaɓar hǎi a littafi ana cewa ta sauka sannan ta ɗan taso, amma idan wata gaɓa mai karin sama ta biyo ta, a ƙasa kawai ake ajiye ta. Gaɓar guān kuwa a sama take, a miƙe, ba ta lanƙwasa. Faɗau, ƙasa, sama. Wanda ya riƙe wannan jerin zai faɗi kalmar yadda kowane Basine zai gane daga jin farko.

Yana da kyau ka san asalin kalmar, domin shi zai buɗe maka sauran 'yan'uwanta. Harafin 关, wato guān, tun da can yana nufin mashiga ce tsakanin duwatsu ko ƙofar iyaka wadda ake tsarewa, inda ake tare matafiyi a bincike shi kafin ya wuce. Har yau sunan yana nan a jikin Babbar Ganuwar Sin: akwai Shanhaiguan a gabas inda ganuwar ta isa teku, akwai kuma Jiayuguan can yamma a lardin Gansu. Harafin 海, wato hǎi, teku ne. Ke nan hǎiguān "ƙofar teku" ce, kuma sunan ya kafu ne a zamanin Sarki Kangxi na daular Qing, lokacin da aka sassauta hanin cinikin teku aka kafa ofisoshin kwastam huɗu a gaɓar ƙasar tsakanin 1684 da 1685. Ɗaya daga cikinsu a Guangzhou aka kafa shi, garin da za ka. Yau jirgin sama ne zai sauke ka a filin Baiyun, ba za ka ga teku ba, amma kalmar ba ta sauya ba. Duk inda ka ga wannan harafi na 关 a allon filin jirgi ko a takardar kaya, ka ɗauka cewa maganar shingen hukuma ake yi.

Sai dai ga inda nake so ka natsu, domin nan ne baƙi suka fi rikicewa. A bakin mutanen gari, guò hǎiguān takan haɗa komai, tun daga buga hatimi a fasfo har zuwa fitowa da akwati. A hukumance kuwa wurare ne daban-daban, kowanne da sunansa da jami'ansa. Wurin da ake duba fasfo da biza a buga maka hatimi sunansa 边检, biānjiǎn, a furta shi kamar "biyan-jiyan", kuma 'yan sandan shige da fice ne ke zaune a wurin, ƙarƙashin hukumar shige da fice ta ƙasa da aka kafa a 2018. A nan ne ake ɗaukar hoton yatsun baƙi masu shekara 14 zuwa 70. Su mutum suke dubawa. Bayan ka wuce su ka ɗauki akwatinka, sannan ka iso hǎiguān ta ainihi, su kuma kaya suke dubawa. Na uku shi ne 安检, ānjiǎn, binciken tsaro da ake yi kafin a hau jirgi, wanda za ka ci karo da shi har a tashoshin jirgin ƙasa. Muhimmancin wannan bambanci a fili yake: idan abokin cinikinka ya kira ka yana tambayar inda ka maƙale, ka ce hǎiguān alhali a layin biānjiǎn kake, zai ɗauka kayanka aka riƙe, ya shiga neman mafita ga matsalar da babu ita.

Kalmomin da za ka buƙata a wurin masu hatimi kaɗan ne. Fasfo shi ne hùzhào, kamar "hu-jau". Biza ita ce qiānzhèng, kamar "ciyan-jang", domin harafin q a pinyin kusa yake da c na Hausa, zh kuma kusa da j. Shiga ƙasa rùjìng ne, fita kuma chūjìng, kuma za ka gan su a alluna kamar haka: 入境 da 出境.

Amma idan da za a ce in zaɓa maka kalma ɗaya tak wadda za ka tafi da ita, ba guò hǎiguān zan zaɓa ba, 申报 zan zaɓa, wato shēnbào, a furta "shan-bau". Ma'anarta bayyana wa hukuma abin da kake ɗauke da shi. Dalilina shi ne, guò hǎiguān magana ce da za ka yi da abokai, ita kuwa shēnbào da ita jami'i zai tambaye ka, kuma a kanta ake samun matsala. A gaban kwastam hanya biyu ce. Akwai ja, mai rubutun 申报通道, shēnbào tōngdào, ta masu abin bayyanawa. Akwai kore, mai rubutun 无申报通道, wú shēnbào tōngdào, ta waɗanda ba su da komai. Harafi ɗaya ne ya raba su, 无, wanda ke nufin babu. Mutane da yawa suna bin ayari su shige ta kore suna ganin ba su ce komai ba, alhali a wurin hukuma shiga koren layin kansa magana ce, ka shaida ke nan cewa babu abin bayyanawa a tare da kai. Idan aka buɗe jaka aka samu, ba za a ɗauke shi a matsayin mantuwa cikin sauƙi ba. Ƙa'idar kwastam ɗin Sin da kanta ta ce wanda bai san layin da ya dace da shi ba ya bi ja, kuma ni ma abin da zan gaya maka ke nan.

Ga ɗan kasuwa, abu na farko da ya shafe shi shi ne kuɗi. Wanda ya shiga Sin da kuɗin waje a hannu da suka haura kimar dalar Amurka 5,000, ko kuɗin Sin da suka haura yuan 20,000, wajibi ne ya bayyana. Bayyanawar ba ta nufin za a karɓe maka ko sisi, takarda za ka cike a buga mata hatimi a ba ka taka. Ina roƙonka ka adana wannan takarda kamar yadda kake adana fasfo, domin idan ciniki bai ƙare kuɗin ba kana son komawa da saura mai yawa, ita ce shaidarka cewa da su ka shigo. Abu na biyu shi ne guzuri. Nama, ɗanye ko dafaffe ko busasshe, da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da iri, duk an hana shiga da su, kuma tun 2018 aikin binciken lafiyar dabbobi da tsirrai a iyaka ya koma hannun kwastam, saboda haka jami'in da ke duba akwatinka shi ne kuma mai wannan hurumin.

Tambayar da za ka fi ji ita ce yǒu méiyǒu yào shēnbào de dōngxi, ma'ana, kana da abin bayyanawa ko babu? Ba lallai ne ka kama dukan jimlar ba, da zarar ka ji shēnbào ka san inda aka dosa. Amsa gajera ta isa: yǒu, akwai, ko méiyǒu, babu. Idan kana da shi, ka ce wǒ yào shēnbào, ina son in bayyana. Idan ka ji qǐng dǎkāi, ana nufin ka buɗe jakar. Idan aka nuna wani abu aka ce zhè shì shénme, ana tambayar mene ne wannan, kuma kalmomi biyu za su yi maka amfani: zìyòng, na amfanin kaina ne, da yàngpǐn, samfur ne. Ka faɗi wadda take gaskiya kawai, domin ƙa'idar kayan matafiyi a wurinsu ita ce su kasance na amfanin kai kuma adadin da hankali zai ɗauka, samfurin kasuwanci kuwa yana cikin abubuwan da ake bayyanawa.

Ka kuma kula da saye da sayarwa, domin a Sinanci karin sauti kaɗai ya raba su. Mǎi da karin ƙasa saye ne, mài da faɗau sayarwa ce. Mutumin da ya zo sayen kaya ya furta faɗau a gaban jami'in da ke riƙe da jakarsa ya faɗi akasin nufinsa. Idan magana ta fi ƙarfinka, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai ga abin da ba ka fahimta ba, ka ce wǒ tīng bu dǒng, ban gane ba. Jami'an manyan filayen jirgi sun saba da baƙi, allunan ma da Sinanci da Turanci aka rubuta su, kuma ya fi maka a ɓata minti goma ana neman mai fassara da ka sa hannu a takardar da ba ka san abin da ke ciki ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ban taɓa zuwa Sin ba, daga gida nake yin odar kaya, amma wakilina na can yakan aiko mini da saƙo yana cewa kayana suna bàoguān, wani lokaci kuma ya ce qīngguān. Shin duk abu ɗaya ne da wucewa kwastam da matafiya ke yi?

AMSA

Barka kadai, Hajiya. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake duk harafin guān ɗin nan ne a ƙarshensu. Guò hǎiguān an fi faɗinta ga mutum da jakarsa, waɗannan biyun kuwa na kayan fatauci ne da ake aikawa a kwantena ko a jirgin sama. Bàoguān, 报关, shi ne miƙa wa kwastam takardun kaya, a bayyana irinsu da yawansu da kimarsu. Qīngguān, 清关, a furta "cing-gwan", shi ne fitar da kayan daga hannun kwastam gaba ɗaya, wato an duba, an biya abin da ya kamata a biya, an sake su. Harafin qīng yana nufin tsabta ko sharewa. Harajin da ake ɗora wa kayan kuma sunansa guānshuì.

Saboda haka idan wakilinki ya ce kaya suna bàoguān, aikin takardu ake yi, kada ki yi wa masu jiran kaya alkawarin rana tukuna. A bakin masu jigilar kaya na Sin, bàoguān yawanci tana nuni ga ɓangaren fita daga Sin, qīngguān kuwa sun fi amfani da ita ga tashar da kayan za su sauka, don haka idan ya ambace ta, ki tambaye shi wace tasha yake nufi, kuma wa zai biya kuɗin. Za ki iya cin karo da kalmar shuāngqīng a cikin farashin jigila, wadda ke nufin kamfanin ya ɗauki nauyin fitar da kaya daga kwastam a ɓangarorin biyu. Ko da ya rubuta haka, ki nemi ya fayyace a rubuce ko haraji yana ciki, domin wannan suna da kalmarsa daban, bāoshuì. Kalmar da za ki jira daga gare shi kafin ki saki jiki ita ce fàngxíng, 放行, wato kwastam ta saki kayan. Idan ya rubuto miki fàngxíng le, sai ki nemi ya turo miki lambar kwantena da ranar tashin jirgin.