Kafinta ya min rufi yana yoyo, in kai shi ofishin 'yan sanda?

Wani bawan Allah daga Kano ya turo min saƙo, a taƙaice ga abin da yace: ya ba kafinta aikin sauya rufin shagonsa, suka yi ciniki kan kwano dogo na alminiyom geji 0.55 (wato ma'aunin kaurinsa), kafintan ne zai sayo komai. Ya tura masa naira miliyan 1 da dubu 800 ta banki, saura dubu 300. Ruwan farko da aka yi rufin ya zuba, silin ya jiƙe, buhunan kaya suka lalace, da wani ya hau ya duba sai yace ai wannan kwanon bai kai 0.55 ba. Kafinta kuma yace sai an cika masa kuɗinsa zai zo. Ba su rubuta komai ba. "Barista dan Allah in sa a kama shi ne?"

Toh Alhaji, da farko Allah ya mayar da alheri. Amma maganar kamu ka ɗan ajiye ta tukuna. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum kawai don ya saɓa yarjejeniya, kuma na sha ganin wanda aka cuta ya sa an tsare mai aiki kwana biyu, daga baya mai aikin ya shigar da ƙarar take masa haƙƙi, reshe ya juye da mujiya. Eh, in har ya karɓi kuɗin 0.55 ya sayo na ƙasa da shi da gangan ya ɓoye maka, wannan zai iya shiga laifin zamba a Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, sai dai tabbatar da niyya aiki ne, kuma ko an hukunta shi rufinka na nan yana yoyo.

Rashin takarda bai kashe maka magana ba. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, wahalarta dai hujja. Kana da alat ɗin banki, je ka karɓo sitatimen. In akwai saƙon WhatsApp ko na murya da aka ambaci geji ɗin, kar ka goge kar ka canza waya, domin kotu na karɓar irin wannan a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, za dai ka haɗa da takardar bayanin wayar da aka ciro shi. Wanda yake wurin da kuka yi ciniki shi ma shaida ne.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne gaggawar kiran wani kafinta ya yaye rufin. Kar ka yi haka kafin ka tara hujja. Ka ɗau bidiyo ana ruwa yana zuba, hoton silin da kayan da suka lalace, rasit ɗinsu, sannan ka samu injiniya ko ƙwararren mai rufi ya auna kaurin kwanon ya rubuta abin da ya gani, shin kwanon ne, ko ƙusa aka buga ba daidai ba, ko haɗin ne bai hau juna ba, da nawa gyara zai ci. Ka ajiye guntun kwanon. Bayan nan ka sa tamfol ko ka kwashe kayan, don doka ba za ta biya ka asarar da kana gani ka bari ta ƙaru ba.

Cikon dubu 300 kuwa kar ka bayar yanzu, amma ka rubuta masa dalili, kar ka yi shiru kawai. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba ka damar cewa ya gyara aikin ko ya dawo da wani kaso na kuɗin daidai da aibin. Lura, kaso nace. Da wuya alƙali ya ce a dawo maka da miliyan 1.8 gaba ɗaya alhali katako da sauran aiki na nan a rufin shagonka, abin da za ka nema shi ne kuɗin sa kwanon da kuka yi magana a kai, gyaran silin da kayan da suka lalace, a cire cikon da ke hannunka. In yace ai dila ne ya cuce shi, wannan tsakaninsu ne, kai da shi ka yi ciniki.

Ka rubuta masa wasiƙar neman haƙƙi ka ba shi kwana 14. In yana cikin ƙungiyar kafintoci ka kai wa shugabansu kwafi, wallahi sau da yawa a nan ake gamawa don ba mai son sunansa ya ɓaci ana tsakiyar damina. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, da cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke ƙarƙashin babbar kotu. In duk ya ƙi, sai kotun ƙananan basussuka da ke cikin kotunan majistare, an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60 kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya, kuɗin da kake nema bai wuce hurumin ta ba. Sai dai ita tana son adadi tsayayye, shi ya sa takardar injiniyan nan da rasit suke da muhimmanci.

Turo min hoton saƙonnin naku da sitatimen ɗin in gani kafin ka aika masa wasiƙar.