Zauren Tambaya: Wane Littafi Zan Kwana Da Shi?

Tambaya, daga wani ɗalibin aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Malam, barka da aiki. Tun ina lise darasin tarihi bai taɓa zama a kaina ba, shekaru da sunaye nake haddacewa, jarrabawa na wucewa su watse. Wani abokina ya ce in gwada ƙagaggun labarai da aka gina kan tarihi. Da wanne zan fara? In da hali sababbi nake so. Ina karanta Hausa da Faransanci.

Amsa: Ɗana, sababbi ka nema kuma zan ba ka su, amma ka fara da wanda ya taka ƙasar da kake takawa. Nemi Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Labarin sarauniyar Aznan Lugu ne, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta ƙi buɗe wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine hanya a watan Afirilu na 1899. Rundunar nan ba ƙage ba ce. Ita ce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu na wannan shekara, ta bi gabas tana ƙona garuruwa tana cika rijiyoyi da gawa, har labari ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya karɓe ta daga hannunsu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Klobb a Ɗankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Voulet da Chanoine. Kaburburansu na nan a Maijirgi, gabas da Tasawa kan hanyar Damagaram, cikin jiharmu ta Maraɗi. Na tsaya wurin da ɗalibaina lokacin ina koyarwa. Wani dattijo da ya fito daga gona da kwashe a kafaɗa ya tarar da mu, ya zauna ya jero mana sunayen garuruwan da kakarsa ta ce an ƙone. Yaran da ko littafi ba su so buɗewa a aji, ranar sai da na kore su zuwa mota.

Sai dai ka riƙe abu guda. Mamani ɗan gwagwarmaya ne, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya sha gudun hijira, kuma jaruma yake so ya ba ƙasarsa. Don haka ya faɗaɗa, ya sa magana a bakin mutanen da ba wanda ya rubuta maganarsu. Wannan ba laifi ba ne, aikin mai ƙaga labari ke nan. Irin littafin nan kamar fura yake: geron na gaskiya ne, nonon da aka dama da shi na marubuci ne. Ka sha ka ƙoshi, amma ranar jarrabawa kada ka rubuta hirar Sarauniya da bokanta a matsayin hujja. Abin da nake nema wurin mai irin wannan rubutu shi ne kada ya yi ƙarya kan wahalar da mutane suka sha, kuma Mamani bai yi ba.

Yanzu sababbi. Frère d'âme na David Diop, 2018. Ɗan ƙarami ne, dare biyu sun ishe ka, amma zai daɗe yana yi maka yawo a ka. Alfa Ndiaye, saurayi ɗan Senegal, Faransa ta kwashe shi zuwa yaƙin duniya na farko tare da amininsa Mademba. An farke wa Mademba ciki a fagen daga, ya roƙi Alfa har sau uku ya ƙarasa shi ya huta, Alfa ya kasa. Daga nan kansa ya taɓu. Kullum dare sai ya lallaɓa wajen abokan gaba ya kashe mutum guda ya dawo da hannunsa. Da fari ana yi masa kirari, da hannuwan suka yawaita sai ƴan uwansa sojoji suka fara raɗa cewa maye ne. Fassararsa ta Ingilishi ta ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2021. Ina ba ka shi ne don mu ma nan an ɗebi kakanninmu aikin sojan Faransa, kuma abin da muka fi sani game da su shi ne lambar girma da ɗan fanshon da suke zuwa karɓa. Abin da suka gani da idonsu kaɗan ne suka faɗa wa iyalinsu.

Na biyu, Les cent puits de Salaga na Ayesha Harruna Attah, ƴar Gana, wanda ya fara fitowa da Ingilishi a 2018. A da Salaga ita ce kasuwar Gwanja da fatakenmu ke zuwa saro goro, kuma babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani. Mata biyu ke ɗauke da labarin: Aminah, da mahara suka kama aka sayar, da Wurche, ƴar sarauta mai son a dama da ita a sha'anin mulki, a zamanin rikicin sarautar da ya wargaza garin a 1892. Marubuciyar ta ce wata kakar kakanninta an sayar da ita a wannan kasuwa. Littafin bai ɗora wa Bature laifin duka ba, ya nuna namu hannun cikin cinikin mutane, kuma wannan ne ya sa nake girmama shi. In ka gama, koma ka ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, ka karanta wahalar uwar da ta bi sawun ɗanta har cikin hamada. Za ka ga Bahaushe ya riga ya taɓa wannan gyambo da harshensa tun da daɗewa.

Akwai kuma The Shadow King na Maaza Mengiste, 2019, kan matan Habasha da suka ɗauki bindiga lokacin da Italiya ta mamaye ƙasarsu a 1935. Yana da kyau, amma yana da nauyi da tsawo. Ajiye shi sai hutu.

Tambaya, daga wani Alhaji mai shagon kayan babur a babbar kasuwa: Malam, ni ban yi lakwal ba, a yaƙi da jahilci na koyi boko, Hausa kaɗai nake karantawa. Littattafan da yara ke turo mini a waya duk soyayya ce da kishiya. Babu na maza ne, mai ɓarayi da bincike da bugun zuciya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai, kuma guda biyu zan aike ka nema, duka sun fito ne daga gasar rubutu da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1980. Na farko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Kan fasa-ƙwauri ne da attajirin da ya saye masu tsaron iyaka da masu shari'a. Kai da ke kasuwanci tsakanin nan da Katsina, kana bin Ɗan Isa da Jibiya, ba sai an yi maka fassarar komai ba, tun shafukan farko za ka fara cewa ai na san irin wannan mutum. Na biyu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Wannan shi ne mai bugun zuciyar da kake nema: Mailoma da rundunarsa ta ƴan ta'adda, makamai, ƙwaya, ɗaukar fansa, a bayan yaƙin basasar Najeriya. Akwai zubar da jini da yawa a ciki, na faɗa maka tun yanzu. Da muka karanta shi muna samari mun ɗauka marubucin ya cika zuzutawa. Yau da mutanen Madarunfa da Gidan Runji ke kwana da fargabar masu satar shanu da mutane, na daina ganin haka.

Amma Alhaji, kada ka raina rubutun matan nan. Cikin abin da ake kira littafin soyayya akwai masu ƙulla asiri su warware shi yadda ba za ka iya ajiye waya ba: wa ya sa guba, ina takardar gado ta shiga, ɗan wa ne yaron nan. Bincike ne sosai, sai dai a tsakar gida ake yinsa maimakon ofishin ƴan sanda. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu alƙalami mai kaifi. Ka ce wa yaran su zaɓo maka irin waɗannan. Tsofaffin biyun kuwa, ka ba wani direban Kano ko Zariya saƙo ya duba maka wurin masu sayar da littattafan Hausa.

Tambaya, daga wata malamar asibiti a unguwar Zariya: Malam, na tarar da ƴata mai shekara 17 tana karanta wani littafi wai Ma sœur, serial killeuse. Sunan kaɗai ya tayar mini da hankali, na karɓe na ɓoye. Na yi daidai?

Amsa: Malama, hankalin uwa dole ya tashi, ban ga laifinki ba. Ga abin da ke ciki don ki yanke hukunci da sani. Oyinkan Braithwaite ce ta rubuta shi, ƴar Najeriya, ya fara fitowa da Ingilishi a 2018. Korede ma'aikaciyar jinya ce a Legas, kamar ke. Ƙanwarta Ayoola kyakkyawa ce, kuma samarinta na mutuwa a hannunta. Duk lokacin da ta yi kisa sai ta kira yayarta, ita kuma ta zo da safar hannu da ruwan wanke jini ta goge wurin, su ɓatar da gawa. Ana haka sai Ayoola ta ɗora ido kan likitan da Korede ke so a ɓoye. A ƙarƙashin duk wannan akwai uba mugu da ya yi renonsu da sanda, da uwa da ta fifita mai kyau a kan mai hankali.

Littafin ba ya koya kisa. Tambayar da yake yi ita ce wadda ke cikin kowane gida namu: ina iyakar rufa wa ɗan uwa asiri? Mu da aka rena da cewa babba shi ke ɗaukar kayan ƙarami, mun san nauyinta. Shawarata ki karanta shi ke da kanki, surorinsa gajeru ne, wasu ba su wuce shafi ba. In kin ga ƴarki za ta iya ɗauka, ki mayar mata, ki tambaye ta me za ta yi da ita ce Korede. Amsarta za ta nuna miki abin da ke ranta fiye da binciken jakarta. Yarinyar da ke karanta littafi sukutum da Faransanci don ra'in kanta, a wannan zamani na waya, abin a riƙe ta da kyau ce. Wanda zan ce ki dakatar mata tukuna shi ne La plus secrète mémoire des hommes na Mohamed Mbougar Sarr, wanda ya ci kyautar Goncourt ta Faransa a 2021. Babban aiki ne, farautar wani marubuci da ya ɓace bayan an zarge shi da satar rubutu, amma akwai wuraren da ya yi maganar manya ba sakaye.

Tambaya, daga wani jandarma mai ritaya: Mushe, duk labaran bincike da na sani a Turai ake yinsu. Babu mai binciken da ya san ana gaida dattijo kafin a yi masa tambaya?

Amsa: Akwai shi, yallaɓai, a Mali. Marigayi Moussa Konaté, wanda ya rasu a 2013, ya ƙago Kwamishina Habib da mataimakinsa Sosso. Fara da L'empreinte du renard, 2006. Samari na mutuwa ɗaya bayan ɗaya a wani ƙauyen Dogon, kowa ya san dalili, ba mai buɗe baki, masu duba kuma na karanta sawun ƴanyawa a kan rairayi. Habib ya zo da dokar gwamnati ya tarar da wata doka da ta girme ta. Ka yi aiki a ƙauye, ka san yadda ake shimfiɗa maka tabarma a kawo ruwa a yi ta gaisuwa, a tashi ba ka samu kalma guda ba. Daga nan ka wuce La malédiction du lamantin, 2009, cikin masuntan Bozo na bakin kogin Kwara a Bamako.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Tibiri: Baba, ina so in rubuta labarin tarihi mai asiri a ciki, da Hausa, amma a garinmu. Ƙawayena sun ce ba abin da ya taɓa faruwa nan da ya isa littafi.

Amsa: Ƴata, ƙawayenki ba su tambayi kakanninsu ba. Garin da kike zaune an kafa shi ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama a gaban rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Waɗanda suka tsira su ne suka sake tada gari. Ga zamanin Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore da hare-harensa. Ga kuma wanda na fi so ki duba, ambaliyar 1945, da Gulbi ya cinye tsohon Maraɗi na cikin fadama aka hau da garin kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Ki yi tunanin dare guda da gidaje suka rushe, iyakokin filaye suka ɓace, abin da aka binne a ɗaka ruwa ya tone shi. A irin wannan dare mutum na iya ɓata a ce ruwa ne, alhali ba ruwa ba ne. Ga asirinki nan.

Wanda yake ɗan shekara 10 a wancan lokacin, yanzu ya kai 90, don haka kada ki jira hutu mai zuwa. Ki samu wata gwaggo ta raka ki tsofaffin unguwannin Maraɗi irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci, ki riƙa goro, ki nemi izini kafin ki kunna rikodar waya. Kada ki tambaye su shekara. Ki tambayi me aka ci washegari, wa ya ɗauki tsofaffi, ina aka ɗaure awaki, wace waƙa aka yi. Ki canza sunayen gidaje don kada ki tada tsohuwar husuma. In kin kammala babi na farko ki aiko da shi ofishin mujalla da sunan wannan shafi, zan karanta in mayar miki da gyara.