Amsa: me ya sa "more fast" ba daidai ba ne?

Ƙanena, ka ce malamin Inglishi ya ja maka jan biro a kan "He runs more fast", alhali ya bar "more slowly", kana so ka san dalili. Malam na da gaskiya. Bayanau (adverb, kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki) mai gaɓa ɗaya -er da -est yake ɗauka in ana kwatance: fast, faster, fastest, hard, harder, hardest. Wanda kuwa aka ƙera da -ly a ƙarshe, more da most ake sa masa a gaba: more slowly, most carefully. Sai 'yan tsiraru da ba sa bin doka, haddace su kawai za ka yi: well, better, best, badly, worse, worst.

Abin da na lura da shi wajen ɗaliban Damagaram masu shirin jarrabawar BEPC, Faransanci ne ke jan hannunsu. Sun saba da "plus vite", wato "more fast" kalma da kalma, sai su riƙa liƙa more ko'ina. Ka kiyayi early ma: -ly ɗinsa ba ƙari ba ne, don haka earlier ake cewa. Kuma kada ka haɗa biyun, "more faster" ya fi na farkon muni.