Ciwon gwiwa da durƙuso a Misa

Ɗan'uwa, ka ce gwiwarka na ciwo, kana tsoron ko laifi ne ka ƙi durƙusawa a Misa, wato babbar ibadarmu ta cocin Katolika. Kwantar da hankalinka. Akan tashi tsaye lokacin karanta Bishara, a zauna a sauran karatu da wa'azi. Durƙuson da ya fi nauyi shi ne sa'ad da Fada, limamin da ke jagorantar Misa, yake tsarkake gurasa da ruwan inabi. Ko nan ma dokar coci ta yi wa marar lafiya rangwame: ka tsaya, ka rusuna sosai lokacin da Fada ya durƙusa. Mahaifiyata a zaune take rusunawa, ba wanda ya taɓa tanka mata.

Kuskuren da nake gani shi ne a matsa wa gwiwa don kunyar idon mutane. Ka gaya wa Fadanku, gwiwar kuma ka kai ta asibiti.