Takardar shaidar GMO: tsinken gwaji ko PCR?

Wani Alhaji mai sito a kasuwar Dawanau ya aiko da tambaya. Mai saye daga Turai yana son waken suya, amma ya ce sai da takardar shaidar cewa ba irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba ne, wato GMO. An kuma tallata masa tsinken gwaji mai araha. Shin ya wadatar?

Alhaji, tsinken yana da amfani, amma ba zai ba ka takardar da ake nema ba. Aikinsa kamar na tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro ne: a niƙa waken, a zuba ruwa, a tsoma, cikin 'yan mintuna layi ya fito. Furotin ɗin da sauyin ya haifar yake nema, kuma wanda aka ƙera shi dominsa kaɗai yake gani. Tsinken da aka yi don masara ba lallai ya gano na waken suya ba. Idan kaya ya sha wuta ko an sarrafa shi, furotin ya lalace, tsinke zai iya cewa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Ka riƙe shi a ƙofar sito, lokacin da kake karɓar kaya daga dillalai.

Abin da Bature zai yarda da shi gwajin PCR ne, wanda aka yi ta ji lokacin korona. Shi DNA, wato ƙwayar halittar kanta, yake bincika, ya fara da alamomin da aka fi sakawa a irin waɗannan tsirrai, kamar 35S da NOS, sannan ya auna yawansu. Yawan nan shi ne maganar kuɗi, domin a Tarayyar Turai abin da ya haura kashi 0.9 cikin ɗari dole a rubuta masa GMO a jiki. Ka tabbata ɗakin gwajin yana da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta duniya, kuma mai sayen ya amince da shi a rubuce kafin ka biya ko sisi.

Inda 'yan kasuwa suka fi yin asara, a ganina, wajen ɗibar samfur ne. Tirela guda, sai a ɗebi mudu ɗaya daga buhun da ke bakin ƙofa a aika. A'a. A huda buhuna da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, a gauraya, a raba uku: ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na mai saye, ɗaya ka rufe ka ajiye saboda ranar gardama.

Kada kuma ka ce ai kayanmu na gida ne. Hukumar NBMA mai kula da harkar GMO a Najeriya, da aka kafa a 2015, ta amince da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Zariya a 2019, an kuma saki masarar TELA a 2024, dukkansu GMO ne. Tsohon buhun masara ko motar da ba a share ba na iya sa alama ta fito a kayanka. Sababbin buhuna sun fi sauƙin kuɗi a kan kwantenar da aka dawo da ita.

A yarjejeniya ka sa a rubuta wanda zai biya kuɗin gwajin, da kuma sakamakon da za a bi idan na nan da na can suka saɓa.