Kuɗin da ka kashe a jana'izar yayanka

Ɗana, saƙonka ya iso. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya kyauta makwancinsa, Ya raya abin da ya bari.

Ka ce kai ka sayi likkafani, ka sallami masu haƙa kabari, ka biya motar ɗaukar gawa, ka cike ragowar kuɗin asibiti, ka kuma ciyar da masu zaman makoki. Yanzu rabon gado ya matso, wasu na cewa ka ciri kuɗinka, wasu na cewa abin kunya ne ƙane ya bi mamaci bashin likkafani.

Mutum in ya bar dukiya, da dukiyarsa ake yi masa sutura. Kafin a biya bashi, kafin a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, kafin magaji ya ɗauki ko allura, ana fara cire kuɗin wanka, likkafani, ɗauka da kabari, daidai da halinsa. Sai in bai bar komai ba nauyin ke komawa kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, wato uba ga ɗa ko ɗa ga uba, sannan baitulmali, sannan jama'ar Musulmi. A Malikiyya ɗan'uwa ba ya cikin waɗanda ciyarwar ta wajaba a kansu. Ko likkafanin matar aure ma malamai sun saɓa: Ibnul Ƙasim ya ce daga dukiyarta ne, Sahnun ya ce sai in matalauciya ce zai hau kan miji. To balle kai. Ba tilas aka yi maka ba, zumunci ka yi.

Saboda haka tambayar tana wurin zuciyarka. Ranar da ka miƙa kuɗin nan, me ka ƙudurta? In sadaka ka yi wa ɗan'uwanka, ta riga ta tafi, kada ka bi ta da gudu don ka ga ana lissafin gida da mota. In kuwa ka fitar ne don a rufa asiri a lokacin, da niyyar a mayar maka, faɗi a gaban manya biyu kafin a fara rabo, kuma babu kunya a ciki. Kuɗin asibiti dabam ne, bashi ne a kan mamaci, ka kawo rasit a saka shi cikin basussuka.

Abincin zaman makoki ne ba zan goya maka baya ba. Yaran da ya bari ƙanana ne, gadon nasu ne, kuma ka san ayar Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu. Ba a ciyar da baƙi da rabon yaron da bai san an yi ba. Asali ma abin a juye yake. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) umarni ya ba da a yi wa iyalansa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato maƙwabta ke dafa wa gidan rasuwa.

Ni na taɓa faɗawa wannan ramin. Da kakanku ya rasu, tsoron kada a ce mun gaza ya sa na ci bashi na ciyar da jama'a kwana da kwanaki. Aka watse, aka naɗe tabarmi, aka bar ni da mai bin bashi yana sallama a ƙofa duk ƙarshen wata. Sai da na sayar da keken da nake zuwa aiki da shi. Har yau ban ji wanda ya tuna abin da ya ci ba. Sahabi Mus'abu ɗan Umairu kuwa, da ya yi shahada a yaƙin Uhudu, mayafi guda aka samu a wurinsa, in an rufe kai ƙafafu su fito, sai aka rufe kan aka ɗora ciyawar izhiri a ƙafafun, aka binne shi haka.

In ka yanke shawarar karɓa, ka rubuta komai a takarda ɗaya, likkafani da kabari da mota a gefe, asibiti a gefe. Ni zan gabatar da ita a zaman. Kada matar marigayi ta fara jin maganar daga bakin iyalinka, tana cikin takaba.

Ka gaida yaran.