Filin Masu Mota: An ƙara ɗaure notin, amma warin fetur ya ƙi tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni direba ne, ina zaune a Agege, ina jigilar 'yan kasuwa da ƙananan kaya daga Mile 12 zuwa cikin gari da wata tsohuwar Camry 'yar Beljiyam. Makon jiya aka canza mini filtar mai, wadda ke cikin bonet. Tun daga ranar nake jin warin fetur, musamman in na tsaya a go-silo. Na koma garejin, yaron ya sa sufana ya ƙara ja. Washegari wari ya dawo, sai ya zura faif a jikin sufanar ya ja har da nishi. Yanzu gindin notin kullum a jiƙe yake. Shin notin ne bai ɗauru ba, ko filtar ce jabu? Kuma ta yaya mutum zai san ɗauri ya isa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin mu shiga bayani, ka yi wa Allah ka ajiye motar nan, kada ka ƙara ɗaukar fasinja a cikinta sai an gyara. Fetur da ke tsatsafowa cikin bonet, ga zafin inji, ga wayoyin filogi, ga ka tsaye cikin cunkoso a kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, inda da wuya ka sami wurin kaucewa, wannan ba abin da za a ce bari a lallaɓa zuwa ƙarshen wata ba ne. Na ga motar da ta cinye ƙurmus a gefen titi saboda abin da bai kai wannan ba.

Ban ga motarka ba, amma daga yadda ka kwatanta, ba na zargin filtar. Ina zargin washa, kuma ina zargin faif ɗin nan.

Notin da ke saman filtar irin motarka ba kamar sauran ba ne. In ka kwance shi ka ɗaga shi ga rana, za ka ga cikinsa rami ne, da ƙananan huda a gefe, ta nan man yake bi ya shiga tiyo. Makanikai na ce masa banjo. Tun da cikinsa a rarake yake, ba shi da ƙwarin noti mai cikakken jiki, kuma wurin hudar nan ne yake fara miƙewa in an matsa masa. Sannan ba shi ne yake tare mai ba. Masu tare mai su ne washa guda biyu na jan ƙarfe ko alminiyam, ɗaya a sama ɗaya a ƙasan bakin tiyon. An yi su da ƙarfe mai taushi da gangan, domin in aka ɗaure su lotse, su cike 'yan ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Sau ɗaya suke wannan lotsewar. Da zarar sun lotse sun taurare, to sun gama aikinsu, in ka mayar da su ko da za ka kira ƙattin Apapa su ja, man zai sami hanya.

Ni ma da hannuna na koyi wannan. Ina yaron gareji, ban fi shekara biyu da zuwa Legas ba, maigidana ya bar ni da wata mota ya tafi sallar Azahar. Na canza filta, na mayar da tsofaffin washa don ban ga abin da suka yi ba, na tayar, sai ga mai yana naso. Na ja. Bai daina ba. Na ƙara ja, sai na ji sufana ta yi laushi a hannuna kamar an yanka tuwo, kan notin ya faɗo ƙasa, sauran ya maƙale a ciki. Da maigida ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya tsinci tsohuwar washar, ya ciro sabuwa daga gwangwanin da yake ajiye su, ya ɗora su biyun a tafin hannuna ya ce in shafa da yatsa. Sabuwar sumul take, da kaurinta. Tsohuwar ta baje, ta yi siriri, ga wani layi da ya zagaye ta inda bakin tiyo ya zauna. Ya ce mini wannan layin ba zai taɓa komawa daidai inda ya tashi ba. Har yau in zan kwance banjo sai na tabbatar sababbin washa suna aljihuna tukuna.

Yanzu ga batun ɗauri. Kowane noti a jikin mota yana da awonsa, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta shi a littafin gyara. Ana auna shi da abin da ake rubutawa Nm. Don ka gane shi a sauƙaƙe, Nm 10 kamar ka rataya nauyin kilo 1 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Banjon filta a tsofaffin Camry da Corolla na shekarun 1990 awonsa Nm 29 ne. Notin taya a irin waɗannan motocin Nm 103. Ka ga bai kai kashi ɗaya cikin uku na ɗaurin taya ba. Da sufana mai tsawon santimita 20, Nm 29 bai wuce ka ja da ƙarfin ɗaga kilo 15 ba, abin da hannu ɗaya ke yi ba tare da ka canza tsayuwa ba. Amma in yaro ya zura faif mai mita 1 ya danna da nauyin kilo 30 kacal, ya ba notin kusan Nm 300, ninki goma na abin da aka yi shi dominsa. Garin neman gira ake rasa ido.

Saboda haka kada a ƙara taɓa wannan notin da niyyar matsewa. A cire shi a yar, domin wanda ya sha faif ya riga ya miƙe ko da ido bai nuna ba. A duba zaren da ke jikin filtar, in ya zame ita ma a canza. A duba bakin tiyon, fuskokinsa biyu su kasance sumul, babu karce, babu lanƙwasa. Sabon banjo da washa biyu daidai girmansa ana samunsu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ka tafi da tsohon a hannu a gwada maka. Washar da ta yi masa yawa tana zamewa gefe guda ta bar kafa.

Ka tsaya a kan aikin da kanka, ga abin da za ka lura da shi. A bar inji ya huce. Man da ke cikin layin yana da matsi na kusan 3 a awon matsi da ake kira bar, ya fi iskar da ke cikin tayarka, kuma ba ya sauka nan take don an kashe mota. A cire fis ko rile na famfon mai, a tayar da mota har ta mutu da kanta, sannan a cire kan batir na nagatif, a naɗe wurin da tsumma kafin a sassauta. Ba sigari, ba mai walda a kusa, ba janareta a gindin mota. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙasa ya je ya sami wuta inda ba ka zata ba. Wajen ɗaurewa a fara da yatsu, noti ya shiga zagaye da yawa cikin sauƙi kafin sufana ta taɓa shi. In ya cije tun a zagayen farko, a karkace ya shiga, a fito da shi. A riƙe jikin filtar da sufana ta biyu don kada ƙarfin ya murɗe bututun ƙasa. Shi kuwa notin ƙasan, wanda bututun ƙarfe ya ratsa ta cikinsa, yana da tasa sufanar mai tsaga a baki wadda ke kama shi kusan ta kowane gefe. Sufana mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye masa kusurwa. Kuma kada a naɗa masa farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa. Bakin bututun ne ke tare mai, ba zaren ba, kuma ɓurɓushin tef ɗin kan tafi ya toshe injekta, mai fesa mai cikin inji.

Ka tambayi yadda ake sanin ɗauri ya isa. Da sufana mai awo ake sani, wadda ake saita lamba a gindinta, in ɗauri ya kai ta yi ƙara "ƙas". Ƙara ɗaya, a tsaya. Na san abin da wasu abokan sana'ata za su ce, wai hannunsu ya san awo. Na haura shekara talatin ina riƙe da sufana, hannuna ya san abubuwa da yawa, amma hannun da ya wuni yana kwance notin taya ba ya jin bambancin 29 da 45 da la'asar. Garejin da ke taɓa layin mai ya kamata a ce yana da ita, kuma ƙarama, domin babbar da ake ɗaure taya da ita galibi daga 40 take fara karatu. A kula da abu biyu. Littattafan motocin da suka zo daga Amurka sukan rubuta awon da lb-ft, wanda 1 nasa daidai yake da Nm 1.36, shi ya sa za ka ga 22 a wani littafin, 29 a wani, alhali abu ɗaya ne. Sannan kada a shafa wa zare giris ko baƙin mai sai in littafi ya ce a yi, domin santsin yana sa noti ya matsu fiye da abin da sufanar ta nuna.

In an gama a goge wurin ya bushe ƙarau, a mayar da fis da batir, a tayar. Ka sa farar takarda ko tishu ka zagaye gindin notin. Ka bar ta tana aiki minti biyar ka sake dubawa, ka zaga unguwa ka dawo ka duba, gobe da safe ma haka. Kuma ka ajiye abin kashe gobara mai hoda inda hannunka zai kai, ba ƙarƙashin buhunan albasa a but ba. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

TAMBAYA: Baba, ina yi maka fatan alheri. Ni uwar gida ce a Idi-Araba. An canza mini famfon mai wata biyu da suka wuce. Duk ranar da na cika tanki sai wari ya cika motar har yara su yi ta tari, amma in mai ya yi ƙasa sai ya ɗauke. An duba bonet ba a ga komai ba.

AMSA: Hajiya, ba a bonet matsalar take ba, a ƙarƙashin kujerar baya take, inda yaran suke zama. A yawancin ƙananan motoci ta nan ake ciro famfo daga tanki, kuma murfinsa yana zaune ne a kan roba. Ko dai an mayar da tsohuwar robar da ta kumbura, ko ta naɗe wajen rufewa, ko an matse ƙananan notocin gefe guda kafin ɗaya gefen. Shi ya sa sai mai ya kai sama yake fitowa. A sa sabuwar roba, a ɗaura notocin da yatsu dukkansu, sannan a riƙa matsewa kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, har a zagaye. 'Yan mitsi-mitsi ne, awonsu 'yan Nm kaɗan ne, da ɗan jan wuyan hannu suke isa, in an wuce haka su tsinke ko murfin ya lanƙwashe. In kuma irin mai babban zoben roba ce da ake murɗawa, a nemi abin kama shi, kada a sa guduma da kurfi, domin zoben na tsagewa. Kafin a gyara, ki daina cika tanki, kuma kada ki ɗauki yara a ciki da gilashi a rufe.

TAMBAYA: Baba, ni yaronka ne a sana'a, ina koyon gyaran motocin gas, wato dizal, a Ijora. An kawo mana wata sabuwar ƙira mai kwaman-rel, bututun injekta ɗaya yana naso. Zan iya sassauta shi in sake ɗaurewa mota na aiki, kamar yadda muke fitar da iska a tsofaffin motoci?

AMSA: A'a yarona, kada ka kuskura. Tsohuwar dabarar nan ba ta wannan injin ba ce. Matsin da ke cikin kwaman-rel, wato bututu ɗaya da ke rarraba mai ga dukkan injektoci, yana kai bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma sun wuce. Feshin da ya fito ta 'yar ƙaramar kafa a wannan matsin yana huda fata ya shiga nama. Ciwon a ido kamar tsinin allura ne, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa ko hannu. Wanda hakan ta same shi asibiti za a kai shi a take, a gaya wa likita gas ne ya shige shi, ba a jira ya kumbura ba. Kada ka lalubi yoyo da hannu, ka miƙa kwali daga nesa. Ka kashe inji, ka ba shi lokaci matsi ya sauka kamar yadda littafinsa ya ce. Kamfanoni da yawa sun ce bututun nan in an kwance shi sabo ake sawa, domin bakinsa ma lotsewa yake yi sau ɗaya irin ta washar da na ba direban Agege labari. In za ka ɗaura sabon, ka wanke wurin tas tukuna, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe injekta. Ka kama bakin biyu da yatsu kafin ka matse ko ɗaya, sannan ka ɗauko awon daga littafin wannan injin, ba daga na motar da kuka gyara jiya ba. In maigidanka ba shi da littafin, ka karanta masa lambar injin ya nemo muku awon kafin ku sa sufana.